Tauraro a waje, ɗan Hajiya a gida: amsa ga mai son shirya wasan barkwanci a Nima

Tambaya: Baba, ni matashi ne daga unguwar Nima a birnin Akra. Na yi shekara uku ina ɗaukar gajerun wasanni da waya ina sawa a intanet. Yanzu ni da abokaina muna so mu shirya wasan barkwanci mai dogon zango da Hausa, a kan wani shahararren mawaƙi da matarsa 'yar fim da yadda suke fama da renon 'ya'yansu. Mun samu wasu ma'aurata da aka sani a Zango sun ce za su fito, har da 'ya'yansu uku na cikinsu, kowa da sunansa na gaskiya. Shin zai karɓu? Ta ina za mu fara?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa hannu a cikin abin da kuka nufa. Na daɗe ina rubuta wasannin talabijin ina kuma tsayawa a bayan kyamara a nan Akra, kuma na jima ina fatan in ga yaranmu na Zango sun yi shiri irin wannan da harshenmu. Zai karɓu, in sha Allahu. Amma abin da kuke ɗauka shi ne jarinku, wato sunan waɗannan ma'aurata, daren farko kaɗai zai tara muku mutane. Maganar 'ya'yansu kuwa ban yarda da ita ba, kuma zan zo kanta.

Ka fara da gane irin wasan da kake son yi. Fim yana da farko da ƙarshe, jaruminsa yakan canza kafin a tashi. Wannan kuwa mutane ɗaya ne, a ɗaki ɗaya, kowane mako wata 'yar ƙaramar matsala ta taso, ta kumbura, ta fashe, a koma inda aka faro. A rabin awa na talabijin, in an cire talla, minti 22 ne ko kusa da haka suke rage maka. Mai kallo ba don ya ga yadda labari zai ƙare yake dawowa ba. Yana dawowa ne kamar yadda kake leƙa gidan maƙwabta da yamma, don ka san halin kowa kuma kana so ka ga yau me za su yi da shi. Mu a Gana mun san wannan tun da daɗewa. Gidan talabijin na ƙasa ya fara aiki a 1965, iyayenmu suka kalli Osofo Dadzie a shekarun 1970, aka zo Obra, aka zo Taxi Driver inda marigayi Psalm Adjeteyfio ya zama T.T. har ƙarshen rayuwarsa. Efiewura kuwa tun farkon shekarun 2000 ake yinsa, kuma me ke cikinsa? Tsakar gidan haya, maigida da 'yan haya. Ba a taɓa buƙatar jirgin sama ko filin wasa ba.

To, shahara abu ne na waje: dandali, jama'a, fitilu, tafi. Kyamarar wannan wasa kuwa a cikin gida take kwana. Dariyar tana nan ne a bakin ƙofa, a tazarar da ke tsakanin mutumin da duniya ta sani da mutumin da ya tuɓe takalmi ya shigo. Duk wanda ya yi nasara da irin wannan labari, a nan ya kafa kyamararsa.

Ka duba Amurka, inda aka fi daɗewa ana yi. Ozzie Nelson shugaban makaɗa ne, matarsa Harriet mawaƙiya ce, suka fara wasan iyalinsu a rediyo a 1944, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 1966, kashi 435. A duk shekarun nan na talabijin, ba a cika nuna Ozzie yana fita aiki ba, har mutane suka riƙa tambaya wai shi mene ne sana'arsa. Kullum yana gida, yana rikicewa a kan ƙananan abubuwa. I Love Lucy, wanda aka yi daga 1951 zuwa 1957, mijin mawaƙi ne a gidan rawa, amma yawancin wasan a falo da kicin ake yinsa, kuma kashin da ya fi tara jama'a ba na waƙa ba ne, na haihuwa ne: ranar 19 ga Janairun 1953, kimanin mutum miliyan 44 suka zauna kallon an kai Lucy asibiti. Ka kwatanta da All About the Washingtons na Netflix a 2018. Rev Run na ƙungiyar mawaƙa ta Run-DMC da matarsa ta gaskiya suka fito, suna kuwa ba a magana, amma kashi 10 aka yi aka rufe. Suna ya kawo masu leƙe, bai zaunar da su ba.

Mu kuma Allah ya ba mu abin da waɗancan ba su da shi, wato Zango. A Zango ba a shahara a ɓoye asali. Nima ta fitar da VIP suka cika Gana da waƙa, ta fitar da ɗan ƙwallo Mohammed Kudus ya je Ajax ya je West Ham, amma a lungun da aka haifi mutum akwai tsohuwar da ta goya shi, akwai malamin da ya zane shi a makaranta, akwai mai shagon da ya taɓa korarsa. Waɗannan mutane suna alfahari da shi ƙwarai, kuma ba sa tsoronsa ko kaɗan. A nan wasanka yake.

Bari in nuna maka da misali, don magana a sama ba ta isa ba. Mawaƙinka ya dawo daga Kumasi ƙarfe uku na dare bayan wasan Sallah, muryarsa ta dushe, an yi masa liƙi har ƙasa. Ƙarfe shida uwarsa ta buga masa ƙofa, ta miƙa masa kwano da murfi.

"Tashi ka sayo wa yara koko, uwarsu ta yi sammakon aiki."

"Hajiya, ni fa? Ai sai a taru a kaina. Bari in aiki yaro."

"Wane yaron? Duk suna wanka. Ka ce ta sa ƙosai na sidi biyar, kuma ka dawo mini da canjina."

Ya saka baƙin gilashi da hula ya ja ta har gira, ya je ya tarar da layi. Mai koko ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta kira shi da sunan da ake kiransa yana ɗan shekara bakwai, sunan da ya yi shekara ashirin yana binnewa, ta ce ya bi layi. Yaran da ke layin suka fara ciro waya. Kafin ta zuba masa, sai ta ce akwai sauran bashin da ya ci tun kafin ya yi waƙar farko, kuma ba ta manta ba. Yana cikin lalube aljihu sai ga ɗiyarsa ta biyo shi da kayan makaranta, ta ce Hajiya ta ce in ya tsaya gaisawa da masoya kokon zai huce.

Ka ga ba a nuna dandalin Kumasi ba, ba a kashe ko sidi ɗaya a kan taron jama'a ba, amma kowa ya san shi babba ne, kuma kowa ya ga inda girman ya tsaya. In ka iya rubuta irin wannan sau goma sha uku, ka samu zagayen farko.

Saboda haka kada ka kai su East Legon, unguwar masu kuɗi ta Akra. Na san zuciyar matashi tana son gidan bene da mota a ƙofa, kuma masu ba da aron gida za su yi maka tayi. Da zarar ka sa su a bayan katanga da maigadi, ka yanke su daga duk mutanen da za su ba ka dariya. Ka bar su a gidan gado, a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, inda ɗakin Hajiya yake kallon nasu, akwai 'yan haya biyu ko uku, mita ɗaya ce ake rabon kuɗinta bisa yawan ƙwan fitila da fanka da firji. Ka ba shi dalilin zama: uwarsa ta ce ba inda za ta, shi kuma ba zai iya barinta ba, ko kuma ginin da ya fara a bayan gari ya tsaya a linta shekara shida. Na biyun ya fi kusa da gaskiyar yawancin masu suna da na sani. Sunansu ya fi aljihunsu nauyi. Kowa a unguwa ya ɗauka kuɗi na nan jibge, kowane suna da kowane aure an sa su a gaba, kowace safiya akwai mai jira a zaure da takardar asibiti, ga kuɗin makarantar yara bai cika ba. Mutumin ba zai iya cewa babu ba, ba zai iya hawa trotro, motar haya, a gan shi ba, ba zai iya ɗaukar galan ɗin ruwa a kai ba ranar da famfo ya ɗauke. Wannan matsi abin tausayi ne kuma abin dariya ne a lokaci guda, kuma ba ya ƙarewa, shi ya sa zai ciyar da ku shekaru.

Uwar gidan ita ce inda na fi so ka yi tunani, don na ga marubuta maza da yawa sun mayar da ita mai kawo abinci da harara kawai. Ka ce 'yar fim ce. To ka san a al'adarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Kano, yawancin 'yan fim mata in sun yi aure sukan bar fitowa. Nan Gana da sauƙi, amma surutu na nan. Matar aure mai 'ya'ya uku da ake ganinta a talabijin wani yana kiranta matarsa, me surukarta za ta ce? Me za a gaya wa ɗanta a makarantar allo? Kada ka tsallake wannan kamar babu shi, mai kallo na Zango zai ji ƙarya nan take. Ka shigar da shi cikin gidan. Kuma ina ba ka shawara ka sa ita ta fi mijin samu. Shi yana da tsohon suna da girman kai, ita tana da aiki kowane mako. Ita ake kira a yi mata talla, ita matan unguwa suke kwaikwayon ɗaurin ɗankwalinta, in an fitar da yayin biki ita ake fara kai wa. Shi kuma shi zai zauna da yara ranar da ta tafi ɗauka. Ba sai ka wulaƙanta shi ba. Namiji mai son iyalinsa wanda bai san inda ake ajiye safar makaranta ba ya isa.

Wani abin da nake roƙonka: kada ka kwafi yaran wasannin Amurka, masu mayar wa iyaye magana ana tafi. A gidajenmu yaro ba ya yi wa ubansa haka a kyale shi, kuma iyaye ba za su bar 'ya'yansu su kalla ba. Muna da namu hanyoyin da al'ada ta buɗe wa dariya. Akwai wasan jika da kaka: abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa ubanta ba, za ta faɗa wa Hajiya a gabansa, Hajiya ta rama, saƙo ya isa. Akwai kunyar ɗan fari: mutumin da ke kiran sunayen manya a gaban dubban jama'a, a tambaye shi a rediyo sunan babban ɗansa ya kama kame-kame. Akwai wasan ƙabilu da Zango ta tara, Bafulatani da Babarbare, Bafrafra da Badagare, ka sa biyu daga cikinsu haya a gidan ka ga abin da zai faru. Akwai kuma riƙo. The Bernie Mac Show, da aka yi daga 2001 zuwa 2006, gaba ɗayansa a kan ɗan barkwanci ne da ya ɗauki 'ya'yan 'yar'uwarsa uku ya riƙe. Su a can abin baƙo ne, mu kuwa kusan kowane gida akwai ɗan riƙo. Ka kawo yaro daga Tamale ko Bawku wanda bai taɓa jin waƙar kawunsa ba kuma bai ga abin burgewa a cikinta ba.

Kan abin da ya shafi addini da mutunci, ka samu malami ɗaya mai fahimta da tsohuwa ɗaya mai faɗin gaskiya su riƙa jin labarin kafin a ɗauka. Ba sabon abu ba ne. Lokacin da Lucille Ball, tauraruwar I Love Lucy, take da ciki, gidan talabijin na CBS ya hana a furta kalmar ciki a wasan, kuma sai da aka ba malaman addini uku rubutun suka duba. A naku wasan, dariya ta faɗa kan uban da ya gudu daga makaranta tun yana yaro, ba kan karatun ba.

Yanzu maganar yaran.

Shekarun baya na yi aiki a wani shiri inda muka sa wani yaro ɗan shekara tara, ɗan ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanmu, ya fito a matsayin ɗan ubansa, da sunansa. Yaro ne mai kaifin baki, in ya shigo kowa sai ya yi dariya. Wata rana a wurin cin abinci uban ya ba mu labarin yadda yaron ya yi fitsarin kwance a gidan kakarsa ya ɗora wa kyanwa. Muka yi dariya har da hawaye, muka ce wannan ai kashi guda ne. Na rubuta, aka ɗauka, aka nuna ranar Lahadi. Ranar Laraba uwarsa ta zo da shi wurin ɗauka. Ya zauna a kan benci a bayan fitilu, jakar makaranta a kan cinyarsa, ya rungume ta da hannu biyu, bai kalli kowa ba. Tun ranar Litinin 'yan ajinsu suke yin kukan kyanwa duk inda ya gifta, har wani malami ya kira shi da sunan. Da aka ce ya shigo a fara, ya tashi ya yi abin da aka ce, bai manta layi ko ɗaya ba, don ubansa na tsaye. Amma kaifin nan bai dawo ba har muka gama zagayen, daga baya aka canza masa makaranta. Da hannuna na rubuta wannan kashin, kuma har yau yana damuna.

Ɗan wasan da aka ɗauko daga waje yana da mafaka. In an tsokane shi zai ce ai wasa ne, ba ni ba ne, sunana daban, uwata daban. Yaron da ya fito da sunansa, da uwarsa, da ubansa, ba shi da inda zai tsaya ya faɗi haka. Kuma ba zai iya ƙi ba. Wa zai ce wa a'a? Mai ba shi umarni a gida shi ne mai ba shi umarni a wurin aiki, shi ne kuma mai karɓar kuɗin. A Nima abin ya fi tsanani, don masu kallon ba baƙi ba ne a wata jiha mai nisa, su ne waɗanda zai haɗu da su a bakin famfo gobe da safe.

Za a ce maka ai Ozzie da Harriet sun yi da 'ya'yansu. Gaskiya ne, David da Ricky sun shiga a 1949, ɗaya yana da shekara 12 ɗaya 8, bayan an yi shekaru wasu yara ne ke fitowa a madadinsu. Suka girma a gaban jama'a, har da suka yi aure aka shigo da matansu na gaskiya cikin wasan. Ka tambayi kanka ko kana so a yi wa ɗanka haka, daga yarinta har ɗakin aurensa. Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz ba su sa ɗansu ya zama ɗan da ke cikin I Love Lucy ba, wasu yara aka ɗauko. Lokacin da tashar MTV ta shiga gidan mawaƙi Ozzy Osbourne a 2002, 'yarsa Aimee ta ƙi fitowa, ta bar gidan. Ita ta kai shekarun da za ta iya ƙi. Yaran da kake magana a kansu fa?

Ga kuma doka. Dokar yara ta Gana ta 1998, mai lamba 560, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki, 13 ga aiki mara nauyi wanda ba zai taɓa lafiyarsa ko karatunsa ba, kuma ta hana sa yaro aikin dare, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Wannan na ƙarshen zai shafe ku kai tsaye, don a Nima sai dare ya yi unguwa take yin shiru, kuma za ku so ku ɗauka a lokacin. Ku je ofishin jin daɗin jama'a, ku kuma sa lauya ya duba yarjejeniyar kafin yaro ya tsaya gaban kyamara. Batun kuɗi kuma, ka san labarin Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921. Ya tara dukiya mai yawa, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya kai su kotu a 1938. Shi ya sa jihar Kaliforniya ta yi doka a 1939, kuma a yau kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu ana kulle masa a asusu har ya girma. Ba sai doka ta tilasta maka ba. Ka buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, ka rubuta a takarda nawa ke shiga, iyaye su sa hannu.

Abin da zan yi in ni ne kai: ma'auratan su fito, amma da wasu sunaye, a wani gida da ba nasu ba. Yara a yi gwaji a ɗauko daga makarantun unguwa, waɗanda suke so da kansu, a ɗauki nasu ranakun Asabar da lokacin hutu. In babban ɗan ma'auratan ya kai shekaru kuma shi ya nema, a ba shi wani matsayi, ɗan maƙwabta ko yaron shago. Labarin da ya faru da wani yaro na gaskiya kuwa, kada ya shiga rubutu sai an sauya shi har uwarsa ba za ta gane ba. Sauya sunan yana kare ku ta wani gefen ma. Aure na Allah ne, yau daɗi gobe saɓani. Lucy da Desi sun rabu a 1960, wasan da suka ci gaba da yi tare bayan I Love Lucy ya tsaya a nan. In sunan wasa daban ne da na gida, ko an samu matsala za ka iya sauya ɗan wasa ko ka tura mutum tafiya a cikin labari, ba tare da unguwa ta mayar da shirinka wurin bin diddigin auren mutane ba.

Harshe: ku yi Hausarmu ta Zango, kada ku ari bakin Kano. Yadda muke cewa "Hajiya ya zo", yadda Turanci da Twi da Ga suke faɗowa cikin zance, shi ne ɗanɗanon abin, kuma shi ne abin da mai kallo a Kano ko Yamai bai saba ji a talabijin ba. Ka sa mutum ɗaya a gidan mai Hausar Najeriya, surukin da ya zo daga Sakkwato ko malamin makaranta, ya riƙa gyara wa kowa magana ba mai saurarensa. Ku sa fassarar Turanci a ƙasan allo saboda maƙwabtanmu da ba sa jin Hausa.

Kayan aiki ba sai na tsawaita ba, ka riga ka iya ɗauka. Abu ɗaya: kuɗin da kuke da shi ku fara zuba shi a sauti. Wasan barkwanci a baki yake, in kalma ɗaya ta ɓace dariyar ta tafi. Rufin kwano in ana ruwa, janareton maƙwabta, injin niƙa, babura, duk za su shiga. Ku samu makirfo na maƙalawa a riga ga kowane mai magana, ku san lokutan kiran salla ku tsara hutu a kansu. In da hali ku ɗauka da kyamara biyu ko uku a lokaci guda, dabarar da I Love Lucy ta yaɗa, don fuskar wanda aka gaya wa magana ta fi ta mai maganar ba da dariya, kuma ba ta maimaituwa. Wuri uku ya ishe ku: tsakar gida, falon ma'auratan, da bakin titi wajen mai koko. Gidajen talabijin da yawa a nan za su ce ku sayi lokaci ku nemo masu talla da kanku, don haka ku fara da YouTube, inda ake buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da ku. Ku kammala kashi shida a hannu kafin ku saki na farko, don abin da ke kashe shirye-shiryenmu shi ne a yi uku a ɓace wata biyu.

Kafin ka sake zama da ma'auratan nan, ka zauna kai da abokanka ku rubuta shafi ɗaya a kan kowane mutum na gidan: me yake so, me yake tsoro, wa yake jin kunya, wa ya raina. Ku fi ba Hajiya lokaci, don ita za ta riƙe shirin. Sannan ku rubuta kashi ɗaya cikakke wanda ba a yi waƙa ko ɗaya a cikinsa ba, ku tara mutum goma na unguwa, har da tsofaffi mata biyu, ku karanta musu da baki ba tare da kyamara ba, wani ya zauna a gefe yana sa alama duk inda aka yi dariya. Ka aiko mini da wannan takardar mai alamomi tare da rubutun, sai mu duba shi layi-layi. In ka je wurin iyayen kuma, ka gaya musu maganar yaran a gaban Hajiyarsu, ka gaishe mini da su.